Filash ɗaya, kwamfuta ashirin: Abin da dokar lasisin Windows ta ce

A shekarar 2007, wani shugaban makaranta mai suna Aleksandr Ponosov ya tsinci kansa a gaban kotu a yankin Perm na ƙasar Rasha, saboda kwamfutoci 12 da aka sayo wa ɗalibansa a ƙauyen Sepych.

Ba a zarge shi da cin kuɗin makaranta ba. Tuhumar ita ce manhajojin Windows da Office da ke cikin na'urorin ba su da lasisi. Masu gabatar da ƙara sun ƙiyasta asarar da aka jawo wa kamfanin Microsoft a kan sama da rubul 260,000, kimanin dala 10,000 a lokacin, kuma dokar da aka gurfanar da shi a kanta na iya kai mutum gidan yari na shekara biyar.

Ponosov ya ce a haka aka kawo masa kwamfutocin, da manhajojin a cikinsu. Maganar ta yi girma har tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, Mikhail Gorbachev, ya rubuta wa Bill Gates wasiƙa yana neman ya sa baki, Shugaba Vladimir Putin kuma ya kira shari'ar shirme. Microsoft ya ce ba shi ya shigar da ƙarar ba. Duk da haka kotu ta ci malamin tarar rubul 5,000 a watan Mayun 2007, kuma sai a ƙarshen 2008 aka soke hukuncin.

Abin da ya kai Ponosov kotu abu ne da ake yi kullum a makarantu da ofisoshi da shagunan buga takardu. A kira mai gyara, ya zo da filash ɗaya a aljihu, ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya zuba musu Windows, kafin La'asar ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da wuya a samu wanda zai tambaye shi ina lasisin.

Wannan aiki ya ƙaru tun bayan ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar tsaro ta kyauta, mutane suka shiga neman hawa Windows 11.

Filash ba shi da laifi

Duk wanda ya taɓa saka Windows ya ga wani dogon rubutu da ke fitowa tun a farko, wanda kusan kowa ke danna amincewa da shi ba tare da ya karanta ba. Wannan rubutun shi ne yarjejeniyar. A cikinta Microsoft ya fayyace cewa izinin amfani da manhajar yake bayarwa, ita kanta manhajar tana nan a matsayin mallakarsa. Izinin kuma na kwafi ɗaya ne a kan na'ura ɗaya.

Sauke Windows daga shafin Microsoft kyauta ne. Kamfanin da kansa ya tanadi hanyar ɗora ta a filash mai girman gigabait takwas, kuma babu dokar da ta hana a yi amfani da wannan filash ɗin a kwamfuta ɗari. Abin da ake ƙirgawa shi ne izini: kwamfuta ɗari, lasisi ɗari.

Kamar mai A Daidaita Sahu biyar ne. Zai iya kai su wurin bakanike ɗaya, ya sa musu fenti iri ɗaya, amma kowanne da lambarsa da takardunsa.

Ƙa'idar ta kai har cikin na'ura ɗaya. Masu koyon fasaha da ke ƙirƙirar wata kwamfutar ta bogi a cikin kwamfutarsu domin gwaji, idan suka saka mata Windows, ita ma tana buƙatar nata lasisin.

Akwai dalilin da ya sa mutane ke rikicewa. Tsarin Microsoft 365 na iyali, wanda ya ƙunshi Word da Excel, yana bai wa mutum shida damar amfani da shi, kowannensu a kan na'urori biyar. Sai a ɗauka Windows ma haka take. An taɓa yin makamancin haka a 2009, lokacin da aka fito da wani ƙunshi na Windows 7 na iyali da ke ɗaukar kwamfuta uku a kan dala 150. Na ɗan lokaci ne, kuma ba a maimaita shi a Windows ɗin da suka biyo baya ba.

Wanda ake haihuwa da shi, da wanda ake saya

Yawancin kwamfutocin duniya na ɗauke da lasisin da ake kira OEM. Kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo ne ke saye daga Microsoft a farashi mai rahusa, su saka tun daga masana'anta, kuɗin ya shiga cikin farashin na'urar. Wannan lasisin da kwamfutar aka haife shi, kuma tare suke mutuwa. Idan aka sayar da ita, ya bi ta zuwa hannun sabon mai ita. Idan ta lalace, ba a ɗauke shi a kai wata.

Wanda ake saya daban a shago ko a intanet ya fi tsada. Farashin Windows 11 Home a shafin Microsoft dala 139 ne, Pro kuma kimanin dala 200. Amfaninsa shi ne mai shi na iya mayar da shi kan wata kwamfutar tasa, da sharaɗin ya cire shi daga ta farko. A kowane lokaci dai na'ura ɗaya yake hawa.

Na ukun, wato lasisin sari da ake sayar wa kamfanoni da ma'aikatu da makarantu, shi ne ya fi ruɗar mutane, domin a nan ne ake ganin mabuɗi ɗaya ya buɗe kwamfuta da yawa. Gaskiya ne, amma an biya kuɗin kowacce a cikin yarjejeniyar. Mabuɗin guda ɗaya don sauƙin aiki ne kawai.

Hanya biyu ake bi. Akwai mabuɗin MAK, wanda ke da adadin na'urorin da aka ƙayyade masa, idan ya cika ya tsaya. Akwai kuma tsarin KMS, inda ma'aikata ke kafa wata babbar kwamfuta a cikin gida da za ta riƙa tabbatar da sauran. Sai an haɗa aƙalla kwamfuta 25 tsarin ke fara aiki, kuma dole kowacce ta sake tuntuɓar babbar a cikin kwana 180, in ba haka ba tabbacinta ya faɗi.

Wani sharaɗin da ko manyan ma'aikatu ke tuntuɓe da shi shi ne, lasisin sari na Windows na ɗaga daraja ne. Sai kwamfuta tana da lasisinta na asali, galibi na Pro, sannan a ɗora shi a kai. Makarantar da ta sayo na'urori babu Windows a cikinsu don rage kuɗi, da nufin ta rufe su da lasisin sari, ba ta cika ƙa'ida ba ko da ta biya.

Wannan tsaurin ya samo asali ne daga darasin da Microsoft ya koya a 2001. A lokacin da aka fito da Windows XP, an fara tilasta wa masu sayen ɗaiɗai su tabbatar da kwafinsu a cikin kwana 30, amma aka ɗauke wa masu lasisin sari wannan wahalar. Tun kafin XP ta shiga kasuwa wani mabuɗin sari da ya fara da haruffan FCKGW ya fita, ya zagaye duniya a jikin faifan CD. Sai a 2002 aka toshe shi. Daga Windows Vista zuwa yau, har mabuɗin sari sai an tabbatar da shi.

Lasisin da ke kwance cikin kwamfutar gwanjo

A nan ne masu sayen kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka ke yin asarar da ba su san da ita ba.

A zamanin Windows 7, mabuɗin mai haruffa da lambobi 25 yana rubuce a wata takarda da aka manna a ƙasan laftof ko a ƙarƙashin batir. Daga Windows 8, wato 2012, manyan kamfanoni sun daina rubuta shi a waje, suka koma dasa shi cikin babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke kira madabod. Ko an yi fomatin, ko an canza hadis gaba ɗaya, mabuɗin na nan. Daga 2015 kuma aka ƙara da lasisin dijital, inda rumbun Microsoft ke riƙe da shaidar na'urar, ya gane ta duk lokacin da ta hau intanet.

Ke nan laftof ɗin gwanjo da yawa sun iso da halastaccen lasisi wanda mai su na farko ya riga ya biya. Idan aka saka musu irin Windows ɗin da suka zo da ita, da kansu za su tabbatar da kansu, ba a shigar da mabuɗi ba.

Matsalar na zuwa ne daga filash ɗin mai gyara. Lasisin cikin na'urar na Home ne, shi kuma Pro ko Enterprise ke filash ɗinsa, ita yake zuba wa kowa. Mabuɗin bai dace ba, rubutu ya fito a kusurwar allo cewa a tabbatar da Windows, sai ya ɗauko manhajar fasa makulli ya kashe rubutun. A taƙaice, an binne lasisin gaske an ɗora na jabu a kansa, kuma mai kwamfutar ne ya biya kuɗin aikin.

Akwai kuma kwamfutocin da suka fito daga manyan kamfanonin waje da Windows ɗin ofis a cikinsu. Suna aiki lafiya na 'yan watanni, sai saƙo ya fara fitowa cewa lasisi ya kusa ƙarewa. Kwana 180 ɗin KMS ne ke cika, ita kuma babbar kwamfutar da za a tuntuɓa tana can wata nahiyar. Sau da yawa maganin bai wuce a goge a saka Pro ba, domin shi ne ke dase a madabod ɗin irin waɗannan na'urori.

Duba wannan ba ya cin minti biyu. A Windows 11 ana shiga Settings, sai System, sai Activation. Wanda ke son ƙarin bayani ya buɗe Command Prompt ya rubuta slmgr /dli. Idan ya ga OEM ko RETAIL, lasisin na na'urar ne ko na mai ita. Idan kuwa ya ga VOLUME da KMS a kwamfutar da ba ta wata ma'aikata ba, to akwai ƙura.

Ita kuwa tsohuwar takardar Windows 7 ta daina amfani wajen hawa sama. Shekaru da dama ana shigar da mabuɗinta a Windows 10 ya karɓu, amma Microsoft ya rufe wannan ƙofar a watan Satumban 2023.

Araha ba ta ado

Intanet cike take da masu tallar mabuɗin Windows 11 Pro a kan kuɗin da bai kai na katin waya na mako ba. Wasu daga cikinsu mabuɗan MAK ne da aka zaro daga wata ma'aikata ana sayar wa mutane da yawa, wasu na ɗalibai ne ko na masu rubuta manhaja waɗanda ba a yarda a sayar ba, wasu kuma da katin banki na sata aka saye su.

Yawanci suna aiki a ranar farko, wannan ne ke yaudarar mai saye. Sai dai yarjejeniyar Windows da kanta ta ce nasarar tabbatar da manhaja ba hujja ba ce ta cewa tana da halastaccen lasisi. Ranar da aka toshe mabuɗin, mai sayarwar ya ɓace.

Manhajojin fasa makulli, waɗanda ake kira kirak, sun fi wannan haɗari. Wadda ta fi suna, KMSpico, tana kwaikwayon babbar kwamfutar KMS ne a cikin na'urar, ta sa Windows ta ɗauka a wani ofis take. Kafin ta shiga sai an kashe manhajar kariya, an kuma ba ta cikakken iko a kan kwamfutar. Ɓarayin intanet sun daɗe da gane wannan. A ƙarshen 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya bayyana yadda ake cusa wata muguwar manhaja mai suna Cryptbot cikin KMSpico na jabu, tana kwashe kalmomin sirri da bayanan katin banki da asusun kuɗin kirifto, yayin da Windows ɗin ke nuna an tabbatar da ita lafiya lau.

A kwamfutar gida, asarar ta mutum ɗaya ce. A shagon da ake yi wa jama'a rajistar jarrabawa da neman aiki, lambobin NIN da BVN da hotunan ɗaruruwan mutane ne ke wucewa ta cikin na'urar, kuma babu wanda aka nemi yardarsa.

Wa ake kamawa?

Ba kasafai ake jin an kai mai kwamfuta ɗaya kotu a kan Windows ba. Idon masu haƙƙi ya fi karkata ga ma'aikatu da masu sayarwa.

A shekarar 2000 an kai samame kamfanin Ernie Ball da ke jihar Kalifoniya a Amurka, mai ƙera tsirkiyar jita, bisa ƙorafin ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA. An samu manhajoji marasa lasisi a wasu kwamfutocinsa. Shugaban kamfanin, Sterling Ball, ya ce tsofaffin na'urori ne da ake miƙa wa wani ma'aikacin ba tare da an goge abin da ke cikinsu ba. Bayanin bai cece shi ba: ya biya dala 65,000, da wata 35,000 ta kuɗin lauyoyi. Fushin da ya yi ya sa ya kori manhajojin Microsoft daga kamfanin ya koma Linux.

Shi kuwa Eric Lundgren, mai sana'ar sarrafa tsofaffin kayan lantarki a Amurka, ya sa an buga masa faifai 28,000 na maido da Windows a kwamfutocin Dell. Hujjarsa ita ce abin da ke cikin faifan kyauta ake sauke shi, kuma ba ya amfanar kowa sai mai lasisi. Amma faifan na ɗauke da tambarin Dell da na Microsoft kamar na asali. Kotu ta ɗauke su a matsayin jabu, aka yanke masa wata 15, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke da alhakin aiwatar da ita. Ga mai makaranta ko mai cibiyar jarrabawa, abin lura shi ne ranar bincike shi za a tarar zaune da kwamfutocin. Abin da zai kare shi rasit ne da takardar da ta nuna irin lasisin da ɗan kwangila ya ce ya kawo, na'ura bayan na'ura.

Dokar ma ba ɗaya ba ce a ko'ina. A ranar 3 ga Yulin 2012, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar UsedSoft da Oracle cewa wanda ya sayi lasisin dindindin yana da ikon sayar da shi ga wani, muddin ya daina amfani da nasa kwafin. A Amurka kuwa, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke akasin haka a 2010, a shari'ar Vernor da Autodesk. Masu tallar mabuɗan araha na yawan fakewa da hukuncin Turai, alhali bai shafi ƙasashen da ke wajen Tarayyar ba, kuma ko a can bai mayar da lasisi ɗaya ya zama biyu ba.

Inda filash ɗaya ya wadatar

Kamfanin Apple ya taɓa sayar da ƙunshin iyali na kwamfuta biyar, kafin ya mayar da babbar manhajarsa kyauta a 2013. Sharaɗinsa ɗaya ne, a kan na'urar Apple kaɗai za a saka. Kamfanin Psystar da ya gwada sayar da wasu kwamfutocin da ita ya sha kaye a kotu a 2009.

Linux ce ke da lasisin da ya yarda a kwafa, a raba, a saka a kwamfuta ko nawa ne. Ubuntu da Linux Mint na cikin waɗanda suka fi sauƙi ga sabon shiga, kuma suna tafiya a kan tsofaffin na'urori. Google ma yana bayar da ChromeOS Flex kyauta tun 2022. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocinta kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Ga ɗakin kwamfuta na makaranta inda ake koyon buga rubutu da shiga intanet, wannan ya isa. Ga mai shagon zanen katin biki da fastoci lissafin daban ne, domin CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux, kuma da su yake cin abinci.

Ragowar wa'adin Windows 10

Kwamfutar da ke da halastacciyar Windows 10 tana hawa Windows 11 kyauta, da lasisin da take da shi. Cikas ɗin na ƙarfin na'ura ne. Windows 11 na buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Dubban laftof ɗin gwanjo masu zubi na huɗu zuwa na bakwai sun faɗo ƙasan layin, ko da suna aiki garau.

Masu gyara sun san dabarar tsallake wannan shingen, amma Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan na'urori gyaran tsaro ba.

Ga waɗanda suka zaɓi zama a Windows 10, kamfanin ya buɗe shirin ƙarin kariya na kuɗi. A 2025 an sanya na ɗaiɗaikun mutane a kan dala 30 zuwa 13 ga Oktoban 2026, kuma abin mamaki, a nan biya ɗaya na ɗaukar kwamfuta har goma da ke kan asusun Microsoft ɗaya, muddin kowacce na da nata lasisin Windows.

Kamfanoni ba su samu wannan sassaucin ba. Dala 61 ce a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa duk shekara har shekara uku. Makarantun da ke da yarjejeniya da Microsoft ne aka rangwanta wa: dala ɗaya a shekarar farko, biyu a ta biyu, huɗu a ta uku, ita ma a kan kowace kwamfuta.